Mayafi a Kan Kyamara ta Uku

A garinmu idan ka tambayi jikin marar lafiya ta waya, amsa ɗaya za ka samu: da sauƙi. Ko yana zaune yana shan kunu, ko an taru a kansa ana yi masa addu'a, da sauƙi za a ce maka. Ba ƙarya ake nufi ba. Ba a son ɗaga wa matafiyi hankali yana kan hanya, kuma ba a son a zama kamar ana ƙorafi da abin da Allah ya kawo. Ni ma haka na tashi ina faɗa wa mutane. Sai da ciwo ya kwantar da matata na gane yadda kalmar take ga wanda yake nesa.

A lokacin ina tuƙa babbar mota, ina ɗaukar kaya daga Jibiya zuwa Maraɗi. Hanyar ba nisa gare ta ba, amma tsakanin 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, da sauke kaya, da jiran wani lodin, sai mutum ya kwana biyu ko uku bai ga gida ba. Mu biyu ne a gidan, Allah bai ba mu haihuwa ba. Da ciwon zuciyar ya yi mata nauyi har ƙafafunta suka riƙa kumbura, sai yayarta ta taso daga Gangara ta zo jinya. Yaya nake ce mata, kamar yadda matata take ce mata.

Akwai wata tafiya da na yi kwana uku ina bugo waya safe da yamma, Yaya tana ce mini da sauƙi. Na dawo na tarar da gida a kulle. Ashe tun washegarin tafiyata aka ɗauke ta zuwa asibiti a Katsina. Da na same su na yi magana, Yaya ta ce to da me zan yi da an faɗa mini, in ba in jefa motar mutane a rami ba? Amma a ranar na ƙudurta cewa ba zan sake dogara da baki ba. Ina son in gani da idona, ko daga ina, don in ta kai ga in bar mota in dawo, in dawo da lokaci.

Ina da abokin wasa, ɗan kawuna, mai shagon gyaran waya a bakin kasuwa. Shi ke sa wa masu manyan shaguna kyamarorin tsaro, har ya haɗa musu da wayarsu suna kallon kaya daga gida. Injiniya ake ce masa, duk da cewa ajinmu ɗaya muka tsaya a makaranta. Da na kai masa maganar ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mutane suna sa kyamara don ɓarayi, ni kuma zan sa don in riƙa leƙen matata, wai tsufa bai rage mini komai ba. Na bar shi ya gama. Da na ba shi labarin Katsina sai ya daina dariya, ya ce zai zo ranar da ba kasuwa.

Kafin ya zo na je wurin limamin unguwarmu. Tun da shari'a ta zauna a jiharmu, mutane suna taka-tsantsan da duk abin da ya shafi cikin gida, ni kuma ba na son a ce direba ya kawo wata bidi'a. Liman ya saurare ni, ya ce gidana ne, matata ce, ba laifi. Amma matan mutane da za su shigo dubiya suna da haƙƙi, domin mace takan sauke hijabinta idan ta shiga cikin 'yan'uwanta mata. Ya ce in sanar da su, kuma in tanadi abin rufewa. Na ga gaskiyarsa. Da hannuna na buga ƙusa a bango kusa da inda kyamarar za ta zauna, matata ta ba ni wani tsohon mayafinta mai ruwan ƙasa, na rataye. Na ce wa Yaya duk lokacin da mata suka shigo, a jefa shi a kai.

Kyamara uku muka sa. Ta ɗaya a ƙofar gida, ta biyu a zaure, ta uku a tsakar gida tana kallon gindin dalbejiya da ƙofar ɗakin matata. Ta ɗaya da ta biyu don kada a yi surutu ne kawai. Injiniya bai shiga cikin gida ba. Ya tsaya a zaure yana faɗa mini yadda zan ɗaure ta ukun, ni na hau tsani na ja wayar ta saman katanga na miƙo masa. Akwatin da ke naɗar hoton, da ɗan talabijin ɗinsa, da rauta, wato ƙaramar na'urar da ake sa wa layin waya ta kai hoton intanet, duk a ɗakin zaure muka ajiye, don in gyara ya taso ya yi ba tare da ya ratsa gida ba. Kuma tun ranar farko ya juya fuskar talabijin ɗin ga bango. In aiki ya kama a duba, ni nake zagayawa in leƙa in faɗa masa abin da na gani. Ko a wayata, da zai saita manhajar, sai da ya sa na rufe kyamara ta uku da mayafin. Mutumin da ba ya barin kowa ya huta da tsokana, a nan bai taɓa yin wasa ba.

Yarjejeniyarmu da matata mai sauƙi ce. Kullum da hantsi Yaya za ta shimfiɗa mata tabarma a gindin dalbejiya, ta fito ta zauna, ta ɗaga hannu. In na ga haka in ci gaba da aikina. In hantsi ya wuce ba ta fito ba, in taso.

Ta yi ta jin kunyar abin da farko. Ta ce yanzu ita da girmanta za ta zauna tana ɗaga wa bango hannu kamar wadda ta taɓu. Daga baya ta saba, har takan ɗaura ɗankwali mai kyau kafin ta fito.

Sai dai na'urar ba ta taɓa yin mako guda lafiya ba.

Matsala ta farko ita ce iyaka. Gidanmu yana gefen gari ta wajen arewa, inda ƙarfen sabis na Nijar yakan fi namu ƙarfi. Sai layin da ke cikin rauta ya saki na gida ya kama na ƙetare, shi ke nan hoto ya yanke. Mun yi kwanaki ba mu gane ba. Injiniya ya canza waya, ya canza layi, ya zargi batirin sola, har ya zargi hannuna. Da ya gano, ya shiga cikin saitin ya ɗaure layin a kan sabis ɗin gida kaɗai, ya ce rautar tawa ta gaji halina ne, ba ta iya kwana biyu ba ta tsallaka iyaka ba. Amma da aka ɗaure ta sai sabis ɗin ya zama ɗan siriri. Muka ɗaga ta saman taga ta wajen kudu, muka sa mata doguwar eriya a kan gora. Iskar damina ta farko ta karya gorar.

Bayan wannan sai ta wuta. Duk lokacin da batir ya yi ƙasa komai ya mutu, in ya dawo sai rauta ta ba akwatin wata sabuwar lamba, wayata kuma ta ci gaba da neman tsohuwar. Ya zo ya kafa masa lamba ɗaya da ba ta canzawa. Sannan data ta riƙa ƙarewa kafin lokacinta, domin wayata tana jawo babban hoto, sai ya mayar da ni kan ƙarami, wanda fuska ba ta fita sosai amma ana ganin mutum. Ɓera ya ci waya sau ɗaya. Sau ɗaya kuma Yaya ta zare filogin rauta ta sa cajin tocila, ta manta. A can Maraɗi ma da nawa aikin: in cire layin gida, in sa na can, in nemi inda rezo yake da ƙarfi, kamar yadda suke kiran sabis. Na san kowace kusurwa ta tashar nan. Akwai wani tudun yashi bayan masu shayi da nake hawa in ɗaga waya sama, direbobin Nijar suna yi mini ba'a wai ina kiran ruwa.

Idan sabis ya yi rauni, hoton ba baƙi yake zama ba. Toka-toka yake yi, kamar an shafa wa gilashin ƙasa. Na ga wannan tokar har ba na iya ƙirgawa. Ina ganinta sai gabana ya faɗi, in kira Injiniya, ya ce in kashe in kunna, in fita daga manhajar in sake shiga, in ba ta yi ba shi ya rufe shago ya je zaure ya duba fitilu. Yawanci kafin azahar hoton ya dawo, in ga tabarma da ita a kai, ko in ga Yaya tana naɗe tabarmar, in san ta fito. A hankali gabana ya daina faɗuwa. Gajiya ta maye gurbin tsoro. Ina ganin toka sai in ja tsaki in ce abin nan ya sake.

Wata rana a zaure, yana ɗaure wata waya, ya faɗa mini wani abu a kan agogon da ke kusurwar hoton. Na tuna ya faɗa, na tuna na ce to. Hankalina yana kan lodin da ke jirana.

Ciwon ya ci gaba. Tana fitowa, amma sai Yaya ta riƙe ta. Hannun da take ɗagawa ya daina wuce kafaɗa. Na so in ajiye tuƙin, ita ta hana, ta ce in na zauna ina kallonta za ta fi jin ciwon, kuma magani ba a gindin dalbejiya yake tsirowa ba. Masu dubiya suka ƙaru. Da yamma in na leƙa nakan tarar an rufe, ban damu ba, domin ni hantsi nake jira, kuma mata ba su cika shiga gidan mutane da hantsi ba, suna kan aikin gidajensu.

Ranar da abin ya faru, kwanana biyu a Maraɗi, ana cikin sauke mini kaya. Hantsi ya yi na hau tudun yashi na buɗe waya. Kyamara ta ɗaya ta nuna ƙofar gida, tana yankewa tana dawowa. Ta biyu ba ta buɗe ba sam, sai ɗan da'irar nan yana juyawa. Ta uku toka.

Na kira Yaya. Sai a kira na uku ta ɗauka. Na ce ya jikin, ta ce da sauƙi. Na ce ta fito kuwa? Ta ce tana ɗan hutawa, za ta fito. Na ce hoto ya ɗauke, ko an taɓa filogi? Ta ce ita ba ta taɓa komai ba, ta kashe.

Na kira Injiniya. Ranar kasuwa ce, shagonsa cike. Ya ce in kashe in kunna. Na yi. Ya ce in duba ko datar layin Nijar ta ƙare. Na sauka na sayi kati na ƙara, na koma tudu. Ya ce in goge na'urar daga manhajar in sake sa lambarta. Lambar tana rubuce a wata takarda cikin aljihun mota, na je na ɗauko, na shigar da ita ba daidai ba sau biyu saboda rana tana dukan gilashin. Na shigar da lambar sirri. Ta ɗaya ta dawo, ta biyu ta dawo, ta uku toka. Ya ce to wataƙila ɓera ne ya koma wa wayarta, in ya samu sarari zai leƙa. Na zauna a rumfar mai shayi ina jira. Har na ci abinci. Wannan ne abin da har yau ba na son tunawa, cewa na zauna na ci shinkafa da wake, ina jin haushin ɓera.

Ana gab da kiran azahar ya kira ni daga zauren gidana. Ya ce fitilun rauta duk kore ne, akwati yana aiki, wayar ta uku tana nan daram a bayansa. Ya ce ba zai juya talabijin ba. Sai na ji kamar ya taka zuwa ƙofar ciki ya dawo.

Ya ce, "Direba, dubi kusurwar hoton ta sama. Agogon nan yana tafiya ko ya tsaya?"

Na kare gilashin da hannu na duba. Ƙananan lambobin suna canzawa ɗaya bayan ɗaya, ba gargada.

Na ce, "Yana tafiya."

"To ba sabis ba ne. In sabis ne agogon ma tsayawa yake, na taɓa gaya maka. Wanga hoto lafiya lau yake zuwa. Mayafi ne a kai."

Na ce, "Tun hantsi?"

"Ban sani ba. Amma takalman mata sun cika bakin ƙofa. Ɗan'uwa, bar motar nan ka taso."

Tunda muke bai taɓa ce mini ɗan'uwa ba.

Na ba wani direba makulli. Na shiga motar haya, ta tsaya jiran cikon mutum biyu, na biya kujerun. A kan iyaka jandarma suka sauke mu duka suna duba takardu, kamar kullum, ba sauri ba mugunta. Ɗaya daga cikinsu ya san ni, ya tambaye ni ina kamiyona, wato babbar motata, na karɓi takarduna na koma mota. Da muka tsallaka na bar motar na hau babur. Duk tsawon hanyar wayar tana hannuna a buɗe. Ban sake kiran Yaya ba, domin na san abin da za ta ce. Tokar kawai nake kallo, da agogon yana tafiya.

Na iso bayan la'asar. Daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gida da maza a zaune. Liman ne ya taso ya tare ni ya riƙe hannuna. Ta rasu bayan azahar kaɗan. Sun jira ni, an riga an yi mata wanka an haɗa ta. Aka buɗe mini fuskarta na gani, na yi mata addu'a, muka sallace ta, muka kai ta kafin magariba.

Daga baya Yaya ta ba ni labari, ba tare da na tambaya ba. Tun da safe numfashin matata ya canza. Yaya ta aika aka kira maƙwabciya, maƙwabciya ta kira wasu. Da suka shigo, ɗaya daga cikinsu ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna bango, Yaya ta ɗauki mayafin ta jefa, kamar yadda na ce a riƙa yi. Ba wanda ya sake tunawa da shi. Ta ce da na kira tana tsaye a kanta, kuma ta yi niyyar ta ce in taso, bakinta ne ya faɗi abin da ya saba. Tana faɗa tana kuka. Na ce mata ba komai, kwana ne ya ƙare, ko ina nan ba zan ƙara mata numfashi ɗaya ba. Haka ne kuma. Na yarda da wannan har zuciyata. Sai dai da na duba kusurwar nan da hantsi, da na same ta da rai, ko hannunta ne da na riƙe. Ƙusar ni na buga ta, dokar ni na kafa, maganar agogo kuma an faɗa mini.

Na so in tambayi Yaya ko ta neme ni. Ban tambaya ba. Na san ko me ya faru, abin da zai kwantar mini da hankali za ta faɗa.

Mayafin ya zauna a kan kyamarar har aka gama zaman makoki, domin mata ba su daina shigowa ba. Bayan addu'ar bakwai Yaya ta koma Gangara. Na shiga ɗakin zaure na juyo talabijin ɗin daga bango, karo na farko, na nemi safiyar ranar kamar yadda na ga Injiniya yana koya wa masu shaguna. Tsakar gida ce ba kowa. Kaji biyu. Yaya ta fito da tabarma a naɗe ta jingina ta da dalbejiya, ba ta shimfiɗa ba, ta koma ɗaki da sauri. Can sai ga ta ta nufo bango, hannunta ya yi girma a gilashin, sai toka. Na bar shi yana tafiya na ɗan lokaci, sannan na kashe.

Na koma tuƙi bayan wata guda. Kwanakin farko a Maraɗi, hantsi yana yi sai in ga ƙafata ta kai ni bayan masu shayi. Direbobin da ke yi mini ba'a sun daina. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo, yakan matsa mini wuri a benci ya sa a zuba mini shayi.

Da na dawo daga tafiya ta uku na ce wa Injiniya ya zo ya cire ta ukun, ya bar sauran biyun ko ya kwashe, duk ɗaya. Ya ce ni da na ɗaura ai ni zan sauke. Na ce ba zan iya hawa tsanin nan ba. Bai ja maganar ba.

Ya zo da safe da jakar kayan aikinsa. Ina tsakar gida na jingina tsani, na ji shi ya ratsa zaure ya tsaya a bakin ƙofar ciki. Ya yi sallama, na amsa. Bai shigo ba. Ya sake yi, ya ɗan ɗaga murya, irin wadda namiji yake yi don matan gida su kimtsa. Sannan ya tsaya yana jira, kansa a ƙasa.

Na ce, "Shigo, Injiniya. Ba kowa."

Ya cire takalmansa ya shigo. Ya hau tsanin, ya zare mayafin a hankali, ya kakkaɓe ƙurar, ya ninke shi biyu ya miƙo mini, sannan ya ciro sukurdireba daga aljihu.